Daga ina za a fara ceton tsuntsayen dausayin gaɓar teku?

Tambaya: Muna da wani dausayi a bakin teku wanda tsuntsaye ke cika shi a da, amma yanzu suna raguwa shekara bayan shekara, har wasu irin ba a ganinsu sai jefi-jefi. Wasu daga cikinmu na ganin a dasa itatuwa, wasu kuma na cewa a killace wurin a hana kowa shiga. Kuɗin da ke hannunmu kaɗan ne. Da me ya kamata mu fara?

Amsa: Shawarata ita ce kada ku fara da ko ɗaya daga cikin biyun, domin dasa itatuwa da killace wuri magunguna ne, ku kuwa ba ku riga kun gano cutar ba. Abin da za ku fara yi shi ne ku san abin da kowane irin tsuntsu ke zuwa yi a dausayin naku, kuma a wane gefe yake yinsa. Tsuntsun bakin teku yana neman abu uku, wato wurin cin abinci, da wurin hutawa idan ruwa ya cika, da wurin yin ƙwai idan yana daga cikin masu haihuwa a nan. Waɗannan wurare uku ba safai suke haɗuwa a fili ɗaya ba, kuma rasa ɗaya daga cikinsu ya isa ya kori tsuntsaye ko da sauran biyun suna nan lafiya lau.

Bari in fara da wurin cin abinci, domin shi ne aka fi rainawa. A mafi yawan gaɓoɓin duniya teku na cika ta janye sau biyu a kowace rana, kuma idan ta janye takan bar shimfiɗar laka mai faɗi wadda mai wucewa zai ɗauka wofintaccen wuri ne. A cikin wannan laka akwai tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da kaguwa da sauran halittu masu ɓawo, kuma su ne abincin miliyoyin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke ƙaura tsakanin nahiyoyi. Duk wanda ya tsaya ya lura da su zai ga cewa ba a wuri ɗaya suke ci ba. Mai gajeren baki yana gudu yana tsayawa yana tsintar abin da ke saman laka, mai dogon baki yana soka shi har gindi yana lalube, wani kuma yana bin bakin ruwa daidai inda yake janyewa domin a nan lakar ta fi laushi. Idan aka cike wannan laka da yashi domin gini, ko aka gina bango aka tare shigar ruwan teku, to an rufe wa dukkansu rumbu a lokaci guda.

An ga hakan ƙarara a Koriya ta Kudu. A shekarar 2006 aka rufe bangon Saemangeum mai tsawon kimanin kilomita 33, wanda ya raba wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 400 da teku. Kafin a rufe shi, wurin yana cikin manyan zangunan tsuntsayen da ke tafiya tsakanin Ostireliya da arewacin Rasha. Masu goyon bayan aikin sun ce tsuntsayen za su koma wasu gaɓoɓin, amma ƙidayar da aka yi daga baya ta nuna cewa dubun-dubatar wani tsuntsu da masana ke kira Calidris tenuirostris sun ɓace daga wurin, ba a kuma same su a gaɓoɓin da ke kusa ba, har a Ostireliya inda suke zuwa bayan sun gama haihuwa an ga adadinsu ya faɗi. Wannan magana ta cewa tsuntsu yana da fiffike don haka zai nemi wani wuri ita ce hujjar da za ku fi ji daga bakin masu son cike dausayi, kuma ba ta da tushe, domin sauran wuraren ma suna da nasu masu ci, abincin da ke cikinsu kuwa ba ya ƙaruwa don baƙi sun zo.

Dalilin da ya sa zango ɗaya ke da wannan nauyi shi ne irin tafiyar da tsuntsayen ke yi. A watan Oktoba na 2022 wani ɗan tsuntsu daga irin Limosa lapponica, wanda bai wuce wata biyar da ƙyanƙyashewa ba, ya tashi daga Alaska ya sauka a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya bayan kwana 11, ya yi tafiyar kimanin kilomita 13,560 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Ba abin da ya ɗauke shi sai kitsen da ya tara a kan laka kafin ya tashi. Tsuntsu mai ƙaura kamar ayari ne da ke ratsa hamada daga rijiya zuwa rijiya: ba sai rijiyoyin duka sun ƙafe ba, guda ɗaya ta tsakiya ta isa ta halaka tafiyar.

Wani lokaci lakar tana nan ba a taɓa ta ba, abincin ne aka kwashe. A mashigin tekun Delaware na Amurka, wani tsuntsu mai jan ƙirji, Calidris canutus, yana sauka a watan Mayu a kan hanyarsa daga kudancin Amurka ta Kudu zuwa yankin ƙanƙara na Kanada, kuma saukarsa na dacewa da lokacin da wata halitta mai kama da kaguwa, mai ɓawo irin siffar kofaton doki, ke fitowa gaɓa tana zuba ƙwai. Da ƙwan nan tsuntsun ke kusan ninka nauyin jikinsa cikin mako biyu. A shekarun 1990 aka shiga kamun wannan halitta da yawa domin yin koto da ita, ƙwai ya ragu, tsuntsaye suka riƙa tashi ba su ƙoshi ba. Ƙidayar da ake yi musu a Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, ta sauko daga sama da 50,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 20,000 cikin shekara biyar. Sai da jihar New Jersey ta hana kamun a 2008, aka kuma sanya iyaka a sauran jihohin yankin. Saboda haka ku binciki abin da ake ɗiba daga lakarku, da yawansa, da lokacin da ake ɗibarsa.

Yanzu ga maganar dasa itatuwa. Itatuwan mangurob, waɗanda ke tsiro a cikin ruwan gishiri, suna da amfani mai yawa: suna kare gaɓa daga zaizaya, kifi na haihuwa a tsakanin saiwoyinsu, zalɓe da balbela da danginsu na sheƙa a kansu. Inda aka sare su, mayar da su aiki ne mai kyau. Amma na sha ganin an ɗauki matasa an ba su dashe sun jera a kan buɗaɗɗiyar laka wadda ba ta taɓa zama daji ba, saboda nan ne ya fi sauƙin shiga kuma ba mai gardamar mallakarsa. Abu biyu ke biyo baya, ko dashen ya mutu domin ruwa ya fi ƙarfinsa a wurin, ko kuma ya kama ya rufe filin da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke kiwo, domin su ba sa cin abinci inda ba za su hango shaho daga nesa ba. Kafin ku dasa ko guda ɗaya, ku tambayi dattawan wurin inda dajin yake a da, ku kuma duba dalilin mutuwarsa. Sau da yawa za ku tarar hanya ce ko wani bango ya toshe mashigar ruwa, kuma idan aka buɗe ta itatuwan kan dawo da kansu, tunda ruwa ne ke kawo irinsu.

Ba kowane kore ne alheri ba a dausayi. A 1979 aka kai wata ciyawa mai suna Spartina daga Amurka zuwa ƙasar Sin domin ta riƙe gaɓa, sai ta bazu ta mamaye laka, har hukumomi suka kashe kuɗi masu yawa a Chongming Dongtan kusa da Shanghai suna yanke ta suna nutsar da kututturenta a ruwa kafin tsuntsaye su sami wurin sauka.

Abu na biyu shi ne wurin hutawa, kuma a nan ne ƙaramin kuɗi ya fi yin aiki. Idan teku ta cika ta rufe laka, tsuntsayen ba su saba da iyo ba, dole su taru a wani ɗan tudu na yashi ko bakin wani kududdufi su jira awa biyu ko uku. Za ka gan su a cunkushe, duk sun fuskanci iska, da yawa a kan ƙafa ɗaya, baki a soke cikin gashin baya. Sai kare guda ya ɓullo, ko wani ya matso da waya yana son hoto, ko jirgin ruwa mai inji ya wuce kusa, garken duka ya tashi ya yi ta kewaya a sama, ya sauka, a sake tayar da shi. Ba a kashe ko ɗaya ba, ba a ga jini ba, shi ya sa mutane ba sa ɗaukar abin a matsayin ɓarna, amma kowane tashi yana cin kitsen da aka tara domin tafiya. Idan kuma babu wurin hutawa kusa, tsuntsaye kan bar laka mai yalwar abinci gaba ɗaya. Ku je ku duba dausayinku a ranakun da cikar teku ta fi girma, wato wajen tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, ku ga inda suke taruwa lokacin da ruwa ya kai iyakarsa. Wannan ɗan fili, wanda wataƙila bai fi filin ƙwallo ba, shi ne ya cancanci igiya da allon sanarwa da mai gadi. A Tiaozini da ke lardin Jiangsu na ƙasar Sin an karɓi wani tafkin kiwon kifi mai kimanin hekta 48 da ke bayan bangon teku, aka rage zurfin ruwansa, aka share ciyawarsa, ya zama mafakar dubban tsuntsaye a duk lokacin da ruwa ya cika. Wuraren da ake shanya ruwan teku domin samun gishiri ma suna yin wannan aiki idan an yi yarjejeniya da masu su kan zurfin ruwa.

Masu yin ƙwai a gaɓa kuwa matsalarsu ta fi tsanani, domin da yawa daga cikinsu ba sa gina sheƙa. Ɗan rami ne kawai suke yi a cikin yashi, su zuba ƙwai biyu ko uku masu ɗigo-ɗigo da launin tsakuwa, wanda mutum zai iya takawa bai sani ba. Idan aka tayar da uwa daga kan ƙwai da tsakar rana, zafi na iya kashe su cikin ɗan lokaci, hankaka kuwa yana gefe yana jira. Maganin wannan sananne ne: shinge na wucin gadi a watannin haihuwa kawai, da hana motoci da babura bin gaɓar, da ɗaure karnuka, da kwashe shara domin ita ke jawo ɓeraye da hankaki. A tsibirai, ɓera da kyanwa da mutane suka kai su ne manyan masu cinye ƙwai da 'ya'ya, kuma raba tsibiri da su aiki ne na ƙwararru da bai kamata a yi shi da ka ba, saboda gubar da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba na iya kashe abin da ake son karewa.

Duk wannan yana tsaye ne a kan ruwa, kuma dausayin gaɓa yana rayuwa ne da haɗuwar ruwa biyu, na kogi da na teku, kowanne a lokacinsa. Misalin da ya fi koyar da ni shi ne na bakin kogin Senegal. Da aka kammala madatsar Diama a 1986 domin hana ruwan gishiri hawa kogin, sai ƙasan madatsar ta ɓangaren Muritaniya ya bushe ya zama fili mai gishiri, kifi da ciyawa da tsuntsaye suka tafi, mutane ma suka bi su. A saman madatsar kuma ruwa ya tsaya cak duk shekara, kacalla ta mamaye shi. Bayan an kafa gandun Diawling a 1991, daga 1994 aka fara sakin ruwa ta ƙofofi ana kwaikwayon ambaliyar da kogin ke yi a da, kuma an tsara lokacin sakin ne tare da masunta da makiyaya da matan da ke saƙa tabarma da ciyawar wurin, domin su suka san yadda ruwan yake zuwa kafin madatsa. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta dawo, kamun kifi ya farfaɗo, tsuntsaye suka sake cika wurin. Ba a dasa tsuntsu ko ɗaya ba, ruwa kawai aka mayar bisa tsarinsa.

Wannan ya kawo mu ga shawarar hana kowa shiga, wadda ban goyi bayanta ba. Dausayin da aka kori mutanensa ya rasa masu sa masa ido, ya kuma sami maƙiya a ƙofarsa. Gandun Banc d'Arguin na Muritaniya, wanda aka kafa a 1976, yana karɓar tsuntsaye masu ƙaura wajen miliyan biyu a lokacin sanyin Turai, kuma al'ummar Imraguen na zaune a cikinsa suna kamun kifi. Dokar wurin ita ce su kaɗai ke da izinin kamun kifi, kuma da jiragen ruwan da iska ke turawa, ba a yarda da inji ba, saboda haka kare gandun daga manyan jiragen waje ya zama kare abincinsu. A mashigin Mottama na Myanmar kuma an gano cewa tarkon da mafarauta ke kafa wa manyan tsuntsaye yana kama wani ɗan tsuntsu mai baki kamar cokali, Calidris pygmaea, wanda 'yan ɗaruruwa ne kawai suka rage a duniya. Mafarautan talakawa ne ƙwarai, kuma farautar ba sana'ar da suke alfahari da ita ba ce. Aka zauna da su, aka taimaka musu da kayan kamun kifi da dabbobin kiwo, suka ajiye tarkunan bisa yarjejeniya. Hani yana da wurinsa, amma ya zama na takamaiman fili, a takamaiman lokaci, da dalilin da kowa zai iya gani da idonsa.

Game da doka, yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, wadda aka sanya wa hannu a Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971 tana da ma'auni biyu da za su yi muku amfani: dausayi na da muhimmanci ga duniya idan yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kuma kashi 1 cikin 100 na wata al'umma ta wani irin tsuntsun ruwa. Ma'auni na biyun yana nufin ko ƙaramin wuri na iya cancanta idan tsuntsun da ke zuwa cikinsa ya yi ƙaranci. Shiga jerin dausayin Ramsar yana ba ku abin riƙewa ranar da wani ya zo da takardar gina tashar jiragen ruwa ko otal, amma ba ya tsayar da motar yashi da kansa. Akwai wani tsuntsu mai siririn lanƙwasasshen baki, Numenius tenuirostris, wanda aka ƙulla yarjejeniya ta musamman domin kare shi a 1994, aka yi masa gani na ƙarshe da aka tabbatar a dausayin Merja Zerga na Maroko a watan Fabrairu na 1995, kuma a 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare a duniya. Takardar ta zo ne bayan farauta da busar da dausayi sun riga sun gama aikinsu.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfinku, kuma gara ku san su tun yanzu. Teku na ƙara hawa, kuma inda bango ko gini ya tsaya a bayan dausayi, lakar ba ta da inda za ta ja da baya, sai ta matse tsakanin ruwa da siminti har ta ƙare. Shi ya sa filin da ke bayan dausayinku, ko da yanzu busasshe ne ba tsuntsu a cikinsa, yana cikin abin da za ku nemi a hana ginawa. A tsibirin Wallasea na Ingila da gangan aka fasa bangon teku a 2015, bayan an ɗaga ƙasar da sama da tan miliyan 3 na ƙasar da aka haƙo daga ramukan jirgin ƙasa na Landan, aka bar ruwa ya sake mayar da gonaki dausayi. Sai kuma murar tsuntsaye, wadda ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Senegal a watan Janairu na 2021. Idan kuka ga gawarwakin tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya, kada kowa ya taɓa su da hannu, a sanar da jami'an lafiyar dabbobi nan take.

Saboda haka, da kuɗin da kuke da shi, ku sayi madubin hangen nesa ko da guda biyu ne, da littafin gane tsuntsayen yankinku, ku horar da mutum uku ko huɗu daga cikin masu zama a bakin dausayin, ku riƙa biyansu wani abu. Su riƙa ƙidaya sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, a daidai cikar teku, suna rubuta iri da adadi da duk abin da ya tayar da tsuntsayen. Ku haɗa ƙidayarku ta watan Janairu da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi tun 1967, wadda ƙungiyar Wetlands International ke tattarawa, domin ta haka ne za ku bambance raguwar da ta samo asali daga wurinku da wadda ta taso daga wani zango mai nisa. Idan wani iri yana raguwa a wurinku alhali yana nan daram a maƙwabta, matsalar a gida take, kuma kuna iya gyara ta. Idan yana raguwa ko'ina, aikinku shi ne ku riƙe zangonku da kyau ku kuma miƙa alƙalumanku ga masu bin hanyar gaba ɗaya. Kada ku yanke hukunci da ƙidayar shekara ɗaya ko biyu, domin adadin tsuntsaye masu ƙaura yana hawa yana sauka gwargwadon yadda haihuwa ta kasance a can arewa. Ku kuma riƙa duba ƙafafunsu: wanda kuka gani da zobe ko 'yar tuta mai launi da lamba, ku rubuta launin da lambar da ƙafar da take, ku aika wa masu sanya zoben, za su dawo muku da tarihin inda aka kama shi da sauran wuraren da aka gan shi.